Raddi Ga Masu Cewa Sai An Tace Kowane Mataki

Har yanzu akwai malaman kimiyyar sinadarai da ke kallon haɗa matakai a tukunya guda a matsayin aikin malalaci. A wurinsu, da zarar mataki ya ƙare sai a fitar da abin da aka samu, a wanke, a tace, a busar, kafin a shiga na gaba. Hujjojinsu uku ne.

Suka ce dattin matakin farko zai bi na biyu ya rage amfanin da za a samu. To a duba tropinone, sinadarin da ke da alaƙa da maganin atropine. A 1901 Richard Willstätter na Jamus ya haɗa shi ta matakai fiye da goma, yana tacewa yana tafiya, abin da ya tsira da shi a ƙarshe bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 1917 Robert Robinson na Ingila ya zuba sinadarai uku a tukunya ɗaya ya sami kashi 17, gyare-gyaren baya suka kai shi sama da 90. Ai tacewar ma tana ci. Wani ya manne a gilashi, wani ya bi ruwan wanki. Ko da kashi 10 kawai ake rasawa a kowace tacewa, bayan biyar saura kashi 59.

Suka ce mai dafa-duka bai san abin da ke cikin tukunyarsa ba. Wannan magana ta tsufa. Yau ɗigo ɗaya ake ɗiba a sa a na'urar HPLC, ta nuna ko matakin ya kammala. Da irin wannan sa-ido Yujiro Hayashi na Japan ya haɗa sinadarin maganin Tamiflu a tukwane uku a 2009, daga baya ya mayar da su ɗaya.

Hujjar da suka fi ji da ita ita ce valsartan, maganin hawan jini da aka janye a 2018 saboda gubar NDMA, wai da an tace kowane mataki da gubar ba ta shiga ba. Amma fa gubar ta samu ne daga haɗuwar ruwan narkarwa na DMF da sodium nitrite. An tace maganin bayan haka, gubar ta bi ta wuce shekara da shekaru domin babu mai nemanta. Tacewa ba ta kama abin da ba a san da shi ba.

Sharar da tacewa ke tarawa kuwa ba sa ambatonta. A lissafin masanin sinadarai Roger Sheldon na 1992, kowane kilo na magani yana barin kilo 25 zuwa 100 na shara, galibi ruwan narkarwa. Wasu sinadaran tsakiya kuma, kamar diazomethane, fashewa suke yi. Fitar da su daga ruwa ganganci ne. Inda sinadarin mataki ɗaya zai kashe na gaba, ko ana dab da samun maganin ƙarshe, a tace, ba mu ja ba.