Filin Gida da Sana'a: A Tanadi Akurki Kafin a Sayi Kaza

 

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a Maraɗi ne, ko Katsina, ko Damagaram, ya san da wuya a shiga gida ba a iske kaza na kiwo a tsakar gida ba. Ita ce asusun uwargida. In baƙo ya sauka da dare a kama ɗaya, in yaro ya kwanta ciwo a kai biyu kasuwa. Don haka ba abin mamaki ba ne iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zaune a Belleville da sauran unguwannin Treichville da Adjamé su yi sha'awar raya wannan al'ada, musamman yanzu da kuɗin cefane ke ƙara nauyi. Sha'awar tana da kyau, kiwon kuma halal ne mai albarka. Ya zo a cikin Bukhari cewa Abu Musa al-Ash'ari ya ga Manzon Allah (SAW) yana cin naman kaza. Sai dai tsakar gidan Abijan daban take da ta garuruwanmu na asali. A can fili ne mai faɗi da rairayi da busasshiyar iska. A nan gidan haya ne na haɗaka, ɗakuna goma ko fiye suna kallon tsakar gida guda ta siminti, famfo ɗaya, kwata ɗaya, ga laima da ruwan sama. Kazar da aka saki a irin wannan gida ta zama ta kowa wajen ɓarna, ta mutum ɗaya wajen amfani. Saboda haka shawarar wannan fili ita ce a bar sayen kaza ya zama abu na ƙarshe.

Izini da haƙƙin maƙwabci

Farkon kiwo shi ne sallama ga mai gidan da ake haya, sannan ga maƙwabtan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba. A gaya musu adadin da za a ajiye, da kusurwar da za a kafa akurki, da wanda zai riƙa shara. Malamai sun karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba, har Annabi ya zaci za a sa shi cikin magada. Wanda kazarsa ta zuba baki a shinkafar maƙwabciya, ko ta ɓata mata wankin da ta shanya, ya ɗauki haƙƙin da ƙwai ba zai biya ba. Yana da kyau kuma a leƙa sashen tsabta na ma'aikatar magajin gari a ji abin da aka yarda da shi a unguwa, domin tun shekarar 2023 ƙasar nan tana da sabuwar doka kan tsabtar muhalli. In aka hana, sai a haƙura, ko a haɗa hannu da ɗan'uwan da ke da fili a wajen gari.

Akwai kuma maganar tsarki, wadda da yawa ba su lura da ita ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, amma da sharaɗin ba najasa take ci ba. Haka yake a Muhtasar na Shehu Halil da littattafan da suka yi masa sharhi. Ke nan kazar da aka killace, ana ba ta tsaba da dusa, kashinta ba ya ɓata salla ko da ya taɓa tufa. Wadda kuwa ke yini a bakin kwata da bola tana tsattsage abin da ta samu, kashinta najasa ne, kuma an karhanta alwala da ɗan ruwan da ta sa baki a ciki matuƙar akwai wani. A gidan da ake shimfiɗa tabarmar salla a tsakar gida, butoci na jere a ƙasa, yara na rarrafe, wannan kaɗai ya isa hujjar yin akurki.

Yadda akurkin zai kasance

Babban abokin gāban kaza a Abijan shi ne danshi. Ruwan babbar damina daga Mayu zuwa Yuli, da na ƙaramar a Oktoba da Nuwamba, yakan kwanta a tsakar gidajen Treichville saboda unguwar tana ƙasa-ƙasa a bakin ruwa. Don haka a sa kafinta ya yi akurkin bisa ƙafafu, ya ɗaga daga ƙasa kamar santimita 60 zuwa 80. A kewaye shi da waya mai ƙananan idanu wadda ɓera ba zai ratsa ba, a rufa shi da kwanon da ya zarce gefe don feshin ruwa, a bar iska tana shiga tana fita. Kada a jingina shi da madafa ko tagar ɗakin wani. Kaji 4 a kowane murabba'in mita ɗaya sun isa. Cunkoso ke sa su tsattsagar juna har jini. A ƙarƙashi a sa faranti ko tsohon kwano da aka barbaɗa wa dusar katako ko toka, a kwashe kullum da safe. Kashin nan in ya bushe taki ne da masu lambu ke nema. A gitta sanda don kwana, a sa kwando ɗaya na ƙwai ga kowace kaza huɗu ko biyar, a ajiye kaskon toka da rairayi don su yi birgima, shi ke rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

Wace za a fara da ita?

Kaji iri uku ne a kasuwa. Kazar gida tana da juriya, naman ta da daɗi da tsada, tana kwanci ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, amma ƙwanta bai cika wuce 40 zuwa 60 a shekara ba. Kazar turawa ta ƙwai takan fara yi tana da mako 18 zuwa 20, kuma in ta sami abinci da kulawa tana iya ba da 250 ko fiye a shekara, sai dai ba ta kwanci. Ta nama kuwa tana isa yanka cikin mako 6 zuwa 7, amma tana da ci, ba ta jure zafi, kuma ta fi dacewa da wanda hannunsa ya riga ya faɗa.

Ga mai farawa, sagara 4 ko 5 da suka kusa fara ƙwai sun fi 'yan tsaki 50 na kwana ɗaya. Tsako yana bukatar ɗumi dare da rana a makonninsa na farko, ga jerin rigakafi, kuma a nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin asara. A sani kuma kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwan ci. Sai in ana son ƙyanƙyasa, nan ma ɗaya ya wadaci kaji goma. Gaskiya ne an hana mu zagin zakara saboda yana tada mutane salla, amma a gidan da akwai mai gadi ko ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya kwana a tsaye, ko jariri, ko mara lafiya, barinsa ya fi zama alheri.

Agwagwar da muka saba da ita, mai jan nama a fuska, tana da nata falala. Ba ta da hayaniya, ta fi kaza jure cuta da ruwan sama, tana cin ƙuda da ganye, kuma uwa ce ta gari wajen kwanci. Kwancinta kwana 35 ne, don haka kada a ga an wuce mako uku a ce ƙwan ya lalace. Toro ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Ba dole sai da kududdufi ba, kwanon da za ta iya tsoma kanta duka ya wadatar. Aibinta shi ne jiƙa wuri da yawan kashi mai ruwa, ga ta da tashi sama in ba a rage gashin fiffike ɗaya ba. Wanda ba shi da bayan gida nasa na kansa, da magudanar da ba ta bi ta ƙofar kowa, ya dakata da agwagwa tukuna. Wanda kuma ya sami halin haɗa su, to kowa da ɗakinsa da kwanonsa.

Ci da sha

Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a yini, tana shan ruwa ninki biyu na haka, fiye ma a lokacin zafi. Kaji 5 ke nan za su ci kusan kilo 17 a wata. A yi wannan lissafi da farashin ranar kafin a sayi ko ɗaya, a gwada shi da kuɗin ƙwai huɗun da za a riƙa samu a yini idan abin ya kankama. Buhu mai kilo 50 zai kai su wata uku, amma laimar garin nan ba za ta bar shi ya kai ba. Gara a riƙa sayen na mako biyu ko uku, a zuba a roba mai murfi, a ɗora bisa katako. Abincin da ya yi fumfuna guba ne, kuma 'ya'yan agwagwa sun fi kowa saurin mutuwa da shi.

Ana iya rage kashe kuɗi da ɓarzajjen masara, dusar alkama ko ta shinkafa, garin busasshen kifi, ganyen zogale, da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa don ƙarfin ɓawo. Ragowar tuwo da shinkafa da acceke ba laifi in ba su yi tsami ba, sai dai ƙari ne kawai, domin rogo ƙosarwa yake yi ba ya gina jiki. A guji ba su abin da gishiri da mai suka yi wa yawa, kamar ragowar soyayyen kifin garba, da ɗanyen ɓawon rogon da ba a shanya ya bushe ba. Mu tuna kuma wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta gaba ɗaya. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Bukhari da Muslim. In za a yi tafiya gida, ko biki zai ɗauke hankali, a san wanda aka bar wa amana.

Rigakafi ya fi magani

Cutar da ta fi share akurki a Afirka ta Yamma ita ce Niyukasal, wadda likitocin dabbobi ke kira pseudo-peste da Faransanci. Alamunta su ne koren zawo, da numfashi da ƙyar, da murɗewar wuya, kuma ta fi tashi da rani lokacin hunturu. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai araha, na allura ko na ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa duk wata 4 zuwa 6 gwargwadon irinsa. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar ta baza wa kaji ita kuwa tana yawonta lafiya.

Murar tsuntsaye ta fi wannan haɗari, domin tana iya kama mutum. A watan Fabrairun 2006 ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna da Magarya ta Nijar, kafin shekarar ta raba kuma aka tabbatar da ita a nan Abijan, a jikin kaji da agwagin gida a Marcory-Anoumabo da wani shaho da aka tsinta a Treichville. Ta sake dawowa ƙasar nan a 2015, sannan a 2021 a yankin Grand-Bassam. Darasin shi ne, duk kazar da aka sayo, daga kasuwar Belleville ne ko Adjamé ko tsarabar ƙauye, a ware ta mako 2 cur kafin a haɗa ta da na gida. In kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yi gaggawar yanka sauran a ci, kada a kai su kasuwa a sayar wa wani da cuta, wannan algus ne. Kada a jefa mushe a kwata ko a bar yara su taɓa. A sanar da likitan dabbobi nan take. Ɗakin binciken LANADA da ke Bingerville shi ke tantance irin waɗannan cututtuka. A kowace rana kuwa, duk wanda ya taɓa akurki ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, a kuma wanke kwanonin da ruwan jabel duk mako. Idan likita ya ba da magani, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwan ko naman.

Tambayoyi biyu sukan biyo bayan wannan magana. Ta farko, kaza ba ta isar wa layya ko yankan suna. Waɗannan sai dabbobin ni'ima, wato raƙumi da saniya da tunkiya da akuya. Ta biyu, babu zakkar dabbobi a kan kajin gida, amma in kiwon ya zama fatauci, kuɗinsa na shiga lissafin zakkar dukiya idan ya kai nisabi, shekara kuma ta kewayo. Mai wannan hali sai ya zauna da malaminsa.

Muna kira ga magidanta su taimaka wa iyalinsu da kuɗin katako da waya, su kuma bar musu abin da suka samu, domin dukiyar mace tata ce. A ba yaro littafi ya riƙa rubuta abin da aka kashe da ƙwan da aka ɗauka. Bayan wata shida littafin zai faɗa ko a ƙara ko a tsaya nan. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya tsare mu da dabbobinmu daga annoba, amin.