Yawan ambato ba shi ne gaskiya ba: darasi daga labarin Farfesa Raoult

A ranar 17 ga Disamban 2024, mujallar International Journal of Antimicrobial Agents ta janye wata maƙala da ta buga a watan Maris na 2020, wadda Farfesa Didier Raoult na birnin Marseille a Faransa ya jagoranta. Ita ce maƙalar da ta ce haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da muka sani na zazzaɓin cizon sauro, yana rage ƙwayar korona a jikin majiyyaci. Kafin a janye ta, masana sun ambace ta fiye da sau 3,000 a rubuce-rubucensu.

Raoult ba ƙaramin malami ba ne. An haife shi a Dakar a 1952, kuma a 2003 shi da abokan aikinsa suka bayyana Mimivirus, wani bairos mai girman da ya sa a da aka ɗauke shi bakteriya ne. Sunansa yana kan maƙaloli fiye da 2,000, ya kuma daɗe cikin masanan ƙwayoyin cuta da aka fi ambata a Turai. To, ta yaya mutum irin wannan ya fito da aikin da aka yi watsi da shi?

A ganina, amsar tana cikin ma'aunin da ake auna masana da shi. Tun 2005, lokacin da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro abin da ake kira ma'aunin h, jami'o'i ke ƙirga maƙalolin da mutum ya wallafa da kuma sau nawa aka ambaci kowacce. Mai h 50 yana da maƙaloli 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Amma kwamfutar da ke wannan ƙirga ba ta san yabo da suka ba. Wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, shi ma ya ƙara maka maki. Shugaban babbar cibiya kuwa, sunansa na iya hawa kan kusan duk aikin da yaransa suka yi.

Mu duba maƙalar kanta. Majiyyata 36 kacal aka ƙirga. An cire mutum shida daga cikin waɗanda suka sha maganin: ɗaya ya rasu, uku aka kai su sashen kulawa ta musamman, sauran biyun suka daina. In ka cire waɗanda jikinsu ya tsananta, ai dole sakamako ya yi kyau. Kwana ɗaya bayan miƙa ta aka amince da ita, ga shi babban editan mujallar yana cikin marubutanta.

Duk da haka, suna ya rinjayi hujja. Donald Trump ya yayata maganin, Emmanuel Macron ya je Marseille ya gana da Raoult a watan Afrilu. Ƙasashe irin su Senegal da Kamaru suka sa shi cikin tsarin jinyar korona. Jama'a suka yi rububin kulorokwin, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan na jabu da aka gano a Kamaru da Nijar. Sai a watan Yuni babban gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, mai dubban majiyyata, ya nuna maganin ba ya rage mutuwa.

Ban ce a jefar da ƙirgar ambato ba, domin tana nuna aikin da ya ja hankalin masana. Haka kuma janye maƙala ɗaya bai goge Mimivirus daga tarihi ba. Abin da ke damuna shi ne jinkiri: maganar ta zagaye duniya cikin kwanaki, gyaranta ya ɗauki shekara huɗu da wata tara. Kafin nan an riga an sha, an riga an kashe kuɗi.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk ranar da aka turo muku saƙo a WhatsApp cewa wani shahararren farfesa ya gano magani, kar ku tsaya kan shahararsa. Ku tambaya: mutum nawa aka gwada a kansu? Da su wa aka kwatanta su? Wasu masanan daban sun maimaita gwajin, sun sami abin da ya samu? Jami'o'inmu ma da ke ƙarin girma bisa yawan maƙaloli, ya kamata kwamitocinsu su zauna su karanta aikin kafin su ƙirga shi.