Kada Masu Mulki Su Fake Da Wayar Malami

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, wanda ya baro 'ya'yansa a gida hannun malaman firamare, ya kamata ya san halin da malamai ke ciki a ƙofar fadar gwamnatin tarayya kanta. A Paikon Kore ta Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, da sauran ƙauyukan Birnin Tarayya, ƙaro ilmin malami ya koma cikin wayarsa. Malamai sun kakkafa zaurukan WhatsApp, inda wannan zai aiko da tsarin darasi, wancan ya nemi dabarar koyar da lissafi ga ɗan makiyayin da bai taɓa jin Turanci ba, tsohon hannu kuwa ya amsa masa da saƙon murya bayan sallar isha'i.

Wannan himma abar yabo ce, amma ba ta wanke masu mulki ba. Horar da malami haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. A 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, an kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin wannan aiki. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ware wa ilmin bai-ɗaya kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. To, ina dalilin da malamin ƙauye zai sayi data da guminsa kafin ya koyi sana'arsa?

Shi kansa gumin ma an tauye shi. Daga Maris zuwa Yuli na 2025 makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya sun kasance a garƙame, domin malamai sun shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun 2024. A shekarar 2025 ce kuma aka ba kamfanonin waya izinin ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Bayan haka, zauren waya ba shi da sufeto. In wani ya aiko da kuskure babu ƙwararren da zai gyara, gobe sai a rubuta shi a allo a gaban 'ya'yan talakawa.

Abin da ake bukata a fili yake: a biya albashi kan kari, a yi wa malamai kwas a lokutan hutu, a ba su alawus na data, a kuma sa ƙwararrun Cibiyar Kaduna cikin zaurukansu. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan Arewa na kudu su riƙe waɗannan bukatu huɗu, su shimfiɗa su gaban duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, su kuma hana shi tashi sai ya ba da amsa.