Tsibiran Tailan: Ƙasa Ɗaya, Damina Biyu

A wannan mako za mu bar zancen farashin hatsi da na albashi, mu leƙa nesa kaɗan. Ƴan kasuwar Afirka ta Yamma sun daɗe da sanin hanyar Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, inda suke saro tufafi da takalma a kasuwar Pratunam. Galibinsu daga filin jirgi sai otel, daga otel sai kasuwa, sai wajen masu ɗaure kaya. Amma akwai waɗanda in sun gama ciniki sukan so su ware kwana huɗu ko biyar su je ganin teku a ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar, tun da sun riga sun biya kuɗin doguwar tafiya. Haka kuma akwai ma'aikatan da taro ko ƙaro ilimi kan kai su can. Tambayar da kowa ke yi ita ce, wane wata ya fi dacewa? Amsar ita ce sai an san tsibirin da aka nufa tukuna, domin damina biyu ce a kudancin ƙasar, kuma ba tare suke faɗuwa ba.

Wanda ya san yanayin ƙasarmu ba zai sha wahalar fahimtar nasu ba. A nan, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko mana ruwa daga teku, ta arewa maso gabas kuma ta kawo hunturu. Can ma iskoki biyun ke nan. Daga tsakiyar watan Mayu zuwa tsakiyar Oktoba iska na tasowa daga tekun Indiya ɗauke da ruwa. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu sai ta juya, ta riƙa zuwa daga wajen ƙasar Sin, busasshiya mai ɗan sanyi. Abin da ya rage, wato daga Fabrairu zuwa Mayu, bazara ce mai zafi.

To, amma kudancin Tailan siririyar ƙasa ce, kamar wutsiya tsakanin tekuna biyu, da duwatsu a tsakiyarta. A yamma akwai tekun Andaman, inda tsibiran Fuket da Fifi da Lanta suke. A gabas akwai mashigin tekun Tailan, inda Samui da Fangan da Tawo suke. Idan iskar kudu maso yamma ta taso, gaɓar yamma take fara buga, ta zubar da yawancin ruwanta a can kafin ta haye duwatsu. Idan kuma ta arewa maso gabas ta zo, ita da ta taso a bushe, sai ta ratsa kan mashigin teku ta sha ruwa ta ƙoshi, ta sauke shi a kan Samui da maƙwabtanta. Hunturunmu da ya biyo ta hamada ƙura yake kawowa. Nasu da ya biyo ta teku ruwa yake kawowa gaɓar gabas.

Saboda haka, mai son Fuket, wanda shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar, ya nufi tsakanin Disamba da Maris. A lokacin sama tana garau, teku a kwance, zafin rana bai cika wuce digiri 33 ba. Mutumin Tawa da ya saba da 44 zai yi dariya in ya ji haka, sai dai kada ya yi saurin dariyar. Zafinmu busasshe ne, gumi na bushewa nan take, nasu kuwa jiƙaƙƙe ne, riga na manne wa mutum tun da hantsi, musamman a Afrilu. Damina a Fuket takan kankama a Mayu, ta kai ƙarshen ƙarfinta a Satumba da Oktoba. Ruwan da ke zuba can a shekara ya haura milimita 2000, ninki huɗu ke nan na abin da Maraɗi ke samu in damina ta yi kyau.

Samui kuwa, ranakun da Fuket ke murnar ɗaukewar ruwa su ne nata na wahala. Daga Oktoba zuwa Disamba ruwa take sha, kuma Nuwamba ya fi kowane wata: a wata gudan nan kaɗai akan sami fiye da milimita 400, daidai da daminar Damagaram ta shekara sukutum. Hanyoyi kan cika da ruwa, jiragen ruwa kan fasa tashi. Wani sa'in abin kan zarce har sabuwar shekara, kamar yadda guguwar Pabuk ta yi a farkon Janairun 2019, lokacin da aka rufe filin jirgin tsibirin, baƙi suka maƙale. Daga Fabrairu har zuwa Agusta kuwa lafiya lau, sai ɗan ruwan yamma da kan zo ya wuce.

Nan ne maganar ta shafi ma'aikata, musamman malaman makaranta, da ba su da babban hutu sai tsakanin Yuli da Satumba. Wanda hutunsa ya faɗo cikin waɗannan watanni, shawarata ita ce ya bar Fuket ya nufi Samui ko Tawo. Sai dai ya san cewa filin jirgin Samui mallakar kamfanin Bangkok Airways ne, wanda ya buɗe shi a 1989, kuma tikitinsa da tsada. Mai tattali yakan bi ta Surat Tani a jirgin sama ko jirgin ƙasa, sannan ya shiga jirgin ruwa a Donsak, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Ya kuma kula da wani tarko: tsibirin Cang, na kusa da iyakar Kambodiya, cikin mashigin gabas yake, amma daminarsa irin ta Fuket ce, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma mai yawa.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce: ai a damina ne ake samun rangwame. Gaskiya ne, otel-otel na Fuket kan karya farashi sosai in baƙi sun janye, kuma ba kullum ake wuni ana ruwa ba. Sau da yawa awa ɗaya ko biyu ne, rana ta fito. Wanda ba ya son komai sai ɗaki mai kyau da hutawa da cin kifi zai iya cin ribar haka. Amma ba ruwan sama ne abin tsoro ba a wannan lokaci, teku ce. Iskar da ke kawo damina ita ke tayar da igiyar ruwa a gaɓar yamma, tare da wani ja na ƙarƙashi da ke fizgar mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba ya yi ciki da shi. Kowace shekara baƙi na nutsewa a Fuket ta haka, akasari don sun ga jar tuta a bakin ruwa sun raina ta. Mu da yawancinmu ba mu san iyo ba sai na tabkin damina da muka yi muna yara, wannan gargaɗi ya fi shafarmu. Tafiya cikin jirgin ruwa ma haka take. A ranar 5 ga Yulin 2018 jirgin yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife cikin hadari kusa da Fuket, mutum 47 suka rasu, dukkansu ƴan ƙasar Sin. Rangwamen ɗaki bai kai wannan ba.

Ban da haka, wasu wuraren da ake zuwa dominsu a rufe suke a damina. Tsibiran Similan hukuma kan rufe su daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. Gaɓar Maya ta tsibirin Fifi, wadda yawan baƙi ya lalata har aka rufe ta daga Yunin 2018 zuwa Janairun 2022, yanzu akan ba ta hutu a Agusta da Satumba.

Rani ma da nasa cikas, wato cunkoso da tsada. Daga kusan 20 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu Turawa masu gudun sanyin ƙasashensu ke cika ko'ina, farashi ya hau inda ba ya kaiwa a sauran shekara. Sai sabuwar shekarar Sinawa, a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Sai bikin Sonkuran, sabuwar shekarar Tailan, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, inda ake watsa wa juna ruwa a kan titi ba a tambayi ko kai wane ne ba; Alhajin da ya fito cikin shaddarsa ya kuka da kansa. Ni dai da za a bar mini zaɓi, farkon Disamba ko watan Maris zan ɗauka don Fuket, Samui kuwa tsakanin Maris da Yuni.

Mai lissafin wata ya haɗa da na azumi, domin a 2026 da 2027 Ramadan cikin Fabrairu da Maris yake, tsakiyar lokacin da ake yabo ke nan. Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne gaɓar yamma cike take da Musulmi. Fuket na da masallatai da yawa da gidajen abincin halal, kuma yawancin mazauna tsibiran Lanta da Yawo Musulmi ne masunta. A Samui sun fi ƙaranci, sai ƙauyen Huwa Tanon.

Wasu kan tambaya game da ambaliyar sunami. Wannan ba ta da wata, tun da girgizar ƙasa ce ke haddasa ta. Ta ranar 26 ga Disamban 2004, wadda ta kashe fiye da mutum 5000 a Tailan, ta zo ne da safe, rana na haske, a tsakiyar rani. Tun daga nan aka kakkafa hasumiyoyin ƙararrawa da allunan da ke nuna hanyar gudu zuwa tudu, kuma ya kamata baƙo ya duba su ranar da ya sauka. Ya kuma tabbata takardar allurar shawara na cikin fasfonsa kafin ya bar Yamai, domin Nijar na cikin ƙasashen da ake tambayar mutanensu ita a filin jirgin Bankok, ko da rani ko da damina.