Ana Magani Kai Na Kaba: Kwamfutocinmu Da Wutar Lantarki

Akwai wata asara da ke cin mu a ɓoye, wadda ba a kawo ta gaban taron ƙungiya, domin mun ɗauke ta a matsayin abin da babu makawa. Duk wanda ya fito daga Paki ko Ikara ko Makarfi ko Kudan, ya san abin da ake sayarwa kafin ɗan talaka ya riƙe kwamfuta: buhunan masara, ko gonar rake guda, ko akuyoyin uwa. Amma a dare ɗaya, in an kawo wuta da ƙarfi, sai a ji ƙauri, shi ke nan guzurin shekara ya ƙone.

Abin da kan ƙone shi ne babban allon nan da masu gyara ke kira bod, wanda dukan sassan na'urar ke manne a jikinsa. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. To, idan wayar nutural ta tsinke a layin da ke fitowa daga taransifoma, wutar wani gida tana iya haurawa kusa da 400. Haka nan tsawar damina, da janaretan da ake tayarwa alhali kaya na jone. Caja mai kyau takan tare wani abu, amma ta jabu sai ta buɗe wa ɓarna ƙofa.

Mun ji tarihi: an kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kana dokar 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar lantarkinsu. Sunaye sun sauya, alhali ɗakunan da muke haya har yau da yawansu ba su da wayar da ke kai rarar wuta cikin ƙasa. Wannan kuwa ba sai an je Abuja za a gyara shi ba. Sandar jan ƙarfe ce a kafe a ƙasa mai laima, da ma'aikacin wuta da ya san aikinsa.

Sa'an nan ga abin da ya fi ciwo. Ɗalibi ya ɗauki na'ura zuwa Zariya ko kasuwar Farm Centre a Kano, an sauya allo, ta ƙi tashi yadda ya saba, sai mai gyara ya ce a yi fomatin. Kafin ya ankara, kundin bincikensa na shekara ya tafi. Ya kamata kowa ya sani, a yawancin kwamfutoci rubuce-rubucenmu ba a kan allon suke ba, suna cikin faifan ajiya, wanda sau da yawa yakan tsira. Saboda haka a fara ciro shi, a kwafe abin da ke ciki, kafin a taɓa kome.

Bayan haka a bi sannu. A daidaita kwanan wata da faifan da za a tashi daga gare shi, a sa manhajojin da suka dace da sabon allo. Windows takan ɗauki sabon allo tamkar sabuwar kwamfuta, sai ta nemi a sake tabbatar da lasisi, wanda ya haɗa nasa da asusun Microsoft kuwa ya huta. In an kulle faifan da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lambobi 48, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a rubuta shi a takarda tun yau. Mai sayen allo kuma ya tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kada ya zuba kuɗi a abin da ba zai ɗauki Windows 11 ba, sai fa in zai koma Linux, wadda kyauta ce.

Wani zai ce ai kayan kariya tsada gare su. Gaskiya ne, amma wanne ya fi tsada, soket mai kare tsawa ko sabon allo da kuɗin mota? Wanda ya sauya allo ya mayar da shi ga soket ɗin da ya cinye na farko, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Don haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta yi abu biyu. Na farko, ta nemi a binciki wayoyin ɗakunan kwana da na karatu kafin faɗuwar damina. Na biyu, 'yan'uwanmu masu karatun injiniya su buɗe zauren gyara, su koyar da mu, mu kuma mu kai ilimin gida lokacin hutu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, ƙannenmu na Paki kuwa da waɗannan 'yan na'urori ƙalilan suke koyon riƙe linzami. Kowace ta ƙone, ba ta mutum ɗaya ce ta ƙone ba.