Tsohon Ma'aikaci Ya Koma Kwantiragi: Me Ya Maido Shi?



Akwai wata magana da muke so kowane reshe ya zauna ya tauna. Duk mun san irin mutumin nan. Ya yi shekara 30 ko fiye yana riƙe da alli, ko yana ɗaure miki a gidan likita, ko yana rubutu a biro. Aka yi masa bikin sallama, aka ce ya je gida ya huta. Kafin damina biyu ta zagayo sai ga shi ya saɓa jakarsa da sassafe. Wata lakwal mai zaman kanta ta ɗauke shi kwantiragi, kwana uku cikin mako, a biya shi bisa awoyin da ya yi. Waɗansu na cewa madalla, tsohuwar zuma da ita ake magani. Waɗansu na cewa ya tare wa yaro wuri. Mu kuwa cewa muka yi, kafin a yaba ko a zarga, a tambayi abin da ya maido shi.

In sha'awa ce ta maido shi, muna yi masa maraba da hannu biyu. Wajen rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, azuzuwa sun cika maƙil, ƙwararru kuwa kaɗan ne. Mu matasan malamai mun san sau nawa muka tsaya gaban yara muka rasa dabarar da za ta sa su gane rabawa, alhali tsohon mushe na zaune gindin bedi, da ita cikin kansa.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa ba sha'awa ce ta fito da su ba, tukunya ce. Ana lissafa fanshon ma'aikacin gwamnati bisa albashin tushe, alawus ba ya bin mutum gida. Ran da ya aje aiki abin da ke shiga aljihunsa ya ragu, bakunan da yake ciyarwa kuwa suna nan, har da jikoki. Ga tsadar hatsi, ga kuɗin magani da tsufa ke jawowa. Mutumin da yunwa ta koro ba ya ciniki. Abin da aka ba shi, shi zai karɓa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu da suka yi wa Faransa soja sun ɗanɗana shi. A watan Disamba 1959 Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da take mulka. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na baƙar fata yana tsaye inda aka bar shi, ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama. Shi ya sa aka riƙa ganin tsohon soja mai lambobin yabo yana gadin kanti. A watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, tamma 50 da ke sayen faran ɗaya na Faransa ta koma 100. Kayan waje suka yi tsada, fansho bai bi su ba.

To, ga inda maganar ta shafe mu matasa. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta shiga ɗaukar malamai ƴan sa kai, daga baya malaman kwantiragi, da albashi ƙasa da na cikakken ma'aikaci, har suka zama su ne mafi yawa cikin makarantun firamare. A 2017 aka yi musu jarrabawa, da yawa suka faɗi, aka sallami waɗansu. Muna tambaya: wa ya horar da su kafin a tura su aji? Yaro ɗan kwantiragi yana jiran lambar ma'aikaci shekara da shekaru, tsoho ɗan kwantiragi yana cike giɓin fansho. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka biyu, mai riba shi ne wanda ke neman aiki da araha. In ya ga yaro zai nemi ƙari sai ya ce akwai tsoho, in tsoho ya yi gunaguni sai ya ce akwai yara bakin ƙofa. Kada mu yarda a haɗa mu faɗa da iyayenmu.

Kakanninmu sun ga an soke aikin tilas a 1946. Ƴan ƙwadago sun yi yajin aiki har aka ba da dokar aiki ta ƙasashen ƙetare a watan Disamba 1952. Ba su sha wannan wahala don jikokinsu su tsufa suna roƙon awoyi ba.

Saboda haka ga abin da muke kira a kai.

Na ɗaya, a biya fansho kan lokaci, a riƙa duba shi in rayuwa ta yi tsada, don wanda zai koma aiki ya koma da ra'ayin kansa.

Na biyu, duk tsohon da ya koma, a rubuta masa takarda: awa nawa, kuɗi nawa, wata nawa, ran da za a biya. Alkawarin baki yana da wuyar tabbatarwa gaban alƙali.

Na uku, kada a sa shi gurbin da ya kamata a ɗauki yaro dindindin. Aikinsa shi ne horo. Ya zauna bayan aji ya ga yadda sabon malami ke koyarwa, ya gyara masa. Tsohuwar ungozoma ta tsaya kusa da sabuwa. Wanda ya yi haka shekara biyu ya bar magada goma.

Na huɗu, kada a biya tsoho ƙasa da ƙimar aikin da hujjar wai yana da fansho. Fansho ba kyauta ba ce, guminsa ne da aka yanke wata-wata. Duk inda aka karya farashin tsoho, na yaro ne zai faɗi gobe.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙon ku da girmamawa: in an kira ku, ku tambaya ko akwai yaron da aka sallama don a ba ku wurin. In akwai, ku ƙi.

Ƴan'uwa, kowane reshe ya ƙidaya tsofaffin ma'aikatan garinsu da suka koma aiki, a je har gida a gaishe su, a ji dalilinsu, a aiko mana. Mu da ke da shekara ashirin da ƴan kai a yau, hanyar nan ita za mu bi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, ya miƙa takardar gaba. Haza wassalam.