Dandalin 'Yan Mata: Wa Ya Zaɓa Miki Makaranta?

Yau mu ɗan ajiye zancen anko da na samari a gefe, domin tambaya nake da ita: makarantar da kike zuwa, wa ya zaɓa miki ita?

Na san za ki ce Baba. To amma in aka bi diddigi, aljihun Baba ne ya zaɓa. 'Yar mai hali, in malamin lissafi ya yi sati biyu bai leƙo aji ba, kafin zango ya ƙare an ɗauke ta an kai ta wata makarantar kuɗi. 'Yar talaka kuwa sai haƙuri, ana gwamutse a ƙasa, har ta kai aji uku na sakandare wasiƙa ma tana gagararta. Daga nan sai ki ji an ce, "Ai karatun ba ya shiga, gara a aurar da ita." Alhali ba kanta ne ya ƙi ɗauka ba, koyarwar ce ba a yi ba.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Madalla. Sai dai kyautar a inda aka tura ki kawai take aiki. In kin bar nan, kin bar ta.

Shi ya sa nake tare da masu cewa kuɗin da gwamnati ke kashewa kan kowace ɗaliba ya riƙa bin ta duk makarantar da iyayenta suka gamsu da ita, ta gwamnati ce, ta kuɗi ce, ko Islamiyya mai haɗa boko, muddin tana da rajista. Ba mafarki ba ne. Ƙasar Suwidin ta fara haka tun 1992. Indiya kuma a 2009 ta yi dokar da ta tilasta wa makarantun kuɗi su ware kashi 25 cikin 100 na gurbin masu shiga ajin farko ga 'ya'yan marasa galihu, gwamnati ta biya. Ki duba fa, shugabar makarantar da ta san kuɗi zai tashi in ɗalibai sun tashi, kina jin za ta bar banɗakin 'yan mata ba ƙofa? Haba!

Amma kada daɗin magana ya kwashe mu. Ƙasar Cile ta Kudancin Amurka ta soma tsarin a 1981, sai makarantu suka koma su ke tsince ɗaliban da suke so, ga ƙarin kuɗi a kan na gwamnati. Sai da aka yi sabuwar doka a 2015 don hana hakan. Sannan yarinyar ƙauyen da sakandaren mata ɗaya ce tal, ita ma sai an yi tafiya mai nisa, me za ta zaɓa? Ita gini da malamai take buƙata tukuna.

Kafin gwamnati ta motsa, ke ma ki buɗi baki cikin ladabi. In za a sa ƙanwarki a makaranta, ki roƙi Umma a tambayi sakamakon WAEC da NECO na bara, a leƙa ajin a ga ko da malami a ciki.

Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.